Mowa da Bora a Gida Ɗaya: Abin da Ke Kashe Gwiwar Ma'aikatan Jami'a Marasa Koyarwa

A watan Fabrairun 2024, saƙon banki ya fara shiga wayoyin malaman jami'o'in gwamnatin tarayya. Albashin wata huɗu ne daga cikin wanda aka riƙe musu saboda dogon yajin aikin 2022, wanda Shugaba Bola Tinubu ya amince a saki tun watan Oktoban 2023. A harabar jami'a ɗaya, sau da yawa ma a ofis ɗaya, ga sakatariyar sashe, ga akawun da ke adana fayil ɗin ɗalibai, ga direban motar tsangaya, ga nas ɗin asibitin makaranta. Su ma sun yi yajin aiki a 2022, daga ƙarshen Maris zuwa Agusta, su ma an riƙe musu albashi bisa dokar nan ta "ba aiki, ba biya". Amma tasu wayar shiru. Sai da ƙungiyoyinsu biyu, SSANU da NASU, suka yi yajin gargaɗi na mako guda a watan Maris na 2024, suka kuma tsunduma na sai-baba-ta-gani a ƙarshen Oktoba, kafin aka biya su wata biyu cikin huɗu, shi ma ɗaya bayan ɗaya.

Duk mai son ya gane abin da ya sa ofisoshin jami'o'inmu suka yi sanyi, to ya fara daga nan. Ƙarancin albashi ciwo ne da ya game kowa a Najeriyar yau, har da farfesa. Abin da ya fi shi ci wa ma'aikaci mara koyarwa rai shi ne yadda ake nuna masa, a kai a kai kuma a bainar jama'a, cewa shi ɗan bora ne. Gida ɗaya, uba ɗaya, amma in an zo rabo sai an ƙosar da ɗakin mowa kafin a tuna da ɗaya ɗakin. A ganina wannan wariya ce ta fi komai kashe wa bayin Allah nan gwiwa, kuma ita ce ta mayar da da yawansu masu zaman "babu yadda na iya" a wurin da a da suke bugun ƙirji da shi.

Mutane in sun ji an ce jami'a, malami da ɗalibi da allo ne ke zuwa musu a rai. Amma jami'a irin ta Ahmadu Bello a Zariya, wadda aka buɗe a 1962, gari ce sukutum. Tana da madatsar ruwanta a Kubanni da wurin tace shi, tana da gonakin bincike a Samaru da Shika, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, da maɗaba'a, da makarantun firamare da sakandare, da asibiti, da sashen tsaro, da dubban ɗalibai masu kwana a ciki waɗanda kullum sai sun sha ruwa, sun ga wuta, an kwashe musu shara. Haka Bayero a Kano da tsohon matsuguninta da sabo, haka Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A 2017, lokacin da 'yan ƙunar baƙin wake suka yi ta kai wa Jami'ar Maiduguri farmaki, masu gadin jami'ar na cikin waɗanda ke kwana a bakin iyakarta yayin da sauran jama'a ke ɗaki. Wanda ke kunna janareta ya kuma gyara famfo, wanda ke haɗa sinadarai kafin ɗalibai su shiga ɗakin gwaje-gwaje, wanda ke shigar da sunan ɗalibi ranar da ya zo ya kuma fitar masa da takardar sakamako ranar da zai tafi, wanda ke lissafin albashin farfesan kansa, duk ba malamai ba ne. Kwamitin da ya binciki buƙatun jami'o'in gwamnati a 2012, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu tun yana shugabantar asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, ya ƙirga malamai dubu 37 da ɗoriya, ma'aikata marasa koyarwa kuwa sama da dubu 77. Wato a bayan kowane malami akwai mutum biyu. Wannan adadi yana da fuska biyu, kuma zan waiwayi ta biyun nan gaba.

Masana halayyar ma'aikata sun daɗe suna bibiyar abin da ke ɗaure mutum da wurin aikinsa. A 1991 wasu masana biyu a Kanada, John Meyer da Natalie Allen, suka ce dalilan zaman ma'aikaci a wuri iri uku ne. Wani yana zaune don yana son wurin, ciwon wurin ciwonsa ne. Wani yana zaune don yana jin wurin ya yi masa halacci, barinsa butulci ne. Wani kuwa yana zaune ne kawai don in ya tafi asararsa ta fi yawa: shekarun da ya tara, fanshon da yake hange, ga kuma rashin wani aikin a waje. Su ukun duk za ka same su a bakin aiki da safe, duk sun sa hannu a littafin zuwa. Bambancinsu sai ran da aiki ya buƙaci abin da ba a rubuta a takardar ɗaukar aiki ba. Ɗaliba ta taho daga Gashuwa ko Zuru neman takardarta, ƙarfe huɗu ta yi, ba ta da wurin kwana. Na farko zai tsaya ya nemo fayil ɗin. Na biyu ma zai tsaya, ko da yana duban agogo. Na uku zai ce mata ta dawo Litinin, kuma babu dokar da ya karya.

Abin da ke tayar min da hankali shi ne na ukun nan ba ya fitowa a cikin kowane irin ƙididdiga. In malami ya gaji, yakan tattara ya tafi Saudiyya ko Ingila ko wata jami'a mai zaman kanta, sai a ga gurbinsa, jaridu su ɗauka, majalisa ta yi zama. Akawun ofishin magatakarda ba shi da inda zai nufa. In ka cire masu aikin kwamfuta da nas-nas da wasu akantoci, waɗanda kasuwa ke nema kuma suke ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, mafi yawan ma'aikatan nan suna nan daram har ritaya. Sai hukuma ta ga ba wanda ya ajiye aiki, ta ɗauka lafiya lau. Alhali jiki ne a ofis, zuciya ta daɗe da komawa shago, ko gona, ko adaidaita-sahun da aka ba yaro yana kawo balas.

Me ke tura mutum daga rukuni na farko zuwa na uku? Frederick Herzberg, wanda ya yi bincikensa a kan injiniyoyi da akantoci a Amurka ya wallafa a 1959, ya nuna cewa albashi da kyawun wurin aiki suna hana ƙorafi ne kawai, amma himma tana fitowa daga ganin an san darajar aikinka, an ɗora maka amana, kuma akwai matakin gaba da kake hange. Wanda ya fi taɓa batunmu kai tsaye shi ne Stacy Adams, wanda a farkon shekarun 1960 ya bayyana abin da kowace uwa mai 'ya'ya ta riga ta sani: mutum ba ya auna rabonsa shi kaɗai, yana auna shi ne da na wanda ke gefensa. In ya ga guminsu ya yi kusa amma sakamako ya yi nisa, kuma ba yadda zai ƙara nasa rabon, sai ya rage gumin har lissafi ya daidaita a ransa. Ba sai ya yi shawara da kowa ba, ba sai ƙungiya ta kira yajin aiki ba. A hankali abin ke faruwa, ofis bayan ofis.

To, a dubi tarihin rabon da idon basira. A 2009 gwamnatin tarayya, ta hannun tawagar da marigayi Gamaliel Onosode ya jagoranta, ta rattaba hannu kan yarjejeniya da ƙungiyoyin jami'a huɗu, kowace da tata: ASUU ta malamai, SSANU ta manyan ma'aikata, NASU wadda ƙananan ma'aikata suka fi yawa a cikinta, da NAAT ta masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje da na'urori. An yi alkawarin sabunta ta duk bayan shekara uku. Aka kafa kwamitin Wale Babalakin a 2017, aka zo na Farfesa Munzali Jibril, aka zo na Farfesa Nimi Briggs a 2022, aka zo na Yayale Ahmed a 2024. Zuwa 2024, shekara goma sha biyar ke nan da yarjejeniyar da aka ce za a sabunta bayan shekara uku. Malamai sun sha wuyar wannan jan ƙafa, ba mai musu. Sai dai kukan da sauran ƙungiyoyin uku suka yi ta yi a kowane zagaye shi ne da malamai ake fara zama, su sai an ga dama, ko sai sun yi barazanar rufe ƙofa.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne alawus ɗin da yarjejeniyar ta tanada saboda ƙarin aiki. Na malamai ya ƙunshi abubuwa kamar duba ɗaliban digiri na biyu da na uku da ɗaukar aji fiye da ƙima. Na sauran ma'aikata ya ƙunshi aikin dare, da aikin haɗari a ɗakin gwaji da wurin injina, da ƙarin lokaci, da riƙon muƙami. Gwamnati ba ta biya a kan kari, sai bashi ya taru ta saki wani dunƙule. A 2017 ta saki naira biliyan 23, kaso mafi tsoka ya tafi wurin malamai, abin da ya jefa jami'o'i cikin yajin aikin da ya faro a Disambar wannan shekara ya kai har Maris na 2018. Da aka zo kan biliyan 40 a ƙarshen 2020, sai aka ce kashi 75 cikin ɗari na malamai ne, kashi 25 na ƙungiyoyi uku, aka sake yajin aiki a Fabrairun 2021. A 2025 aka saki biliyan 50, rabon ya koma 80 da 20. Duk kukan da aka yi, tazarar tana nan ba ta rufe ba.

Ba cewa nake a raba daidai wa daida ba. Malamin da ya duba takardun jarrabawa ɗari biyar ya kuma ja ɗaliban digiri na uku biyar yana bin bashi mai nauyi, kuma ya cancanci kowace kwabo. Abin da nake cewa shi ne wannan kuɗi bashi ne na aikin da aka riga aka yi, bashi kuwa lissafa shi ake yi, ba a yanka shi da kaso. Kowace jami'a tana da ma'aji, tana da masu binciken kuɗi, tana da jadawalin wanda ya yi kwanan aiki a asibiti da wanda ya yi a tashar ruwa. In an tattara wannan lissafi ya nuna malamai na bin kashi 80, to a ba su, kowa zai gani ya haƙura. Amma a zauna a Abuja a yanke kaso tun kafin a buɗe littafi, saƙon da ke isa ga mai gadi shi ne ba aikinsa aka auna ba, ƙarfin muryar ƙungiyarsa aka auna.

Batun IPPIS ya ƙara koya musu wani darasi mai ɗaci. Da gwamnatin Buhari ta dage sai kowane ma'aikacin jami'a ya shiga tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, malamai suka ƙi, suka fito da nasu tsarin mai suna UTAS. SSANU da NASU kuwa suka ce wa mambobinsu su shiga. Da aka fara biya a 2020, sai ga albashi ya zo a gutsure, alawus ya ɓace, kuɗin da aka cire na ƙungiya da na adashen ma'aikata bai isa inda ya kamata ba a kan lokaci, wanda ke da ƙorafi kuma sai ya nufi ofishin Akanta Janar a Abuja maimakon ya taka zuwa ofishin ma'ajin jami'arsa. Daga baya su ma suka fito da nasu tsarin, U3PS. Sai a Disambar 2023 majalisar zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. Ma'aikacin da ya bi umarni tun farko ya duba ya ga biyayyar ba ta jawo masa komai ba sai wahala. Haka malaman makarantun firamaren 'ya'yan ma'aikata, waɗanda wata takardar gwamnati ta cire daga jerin masu albashi a wajen 2015. Kotun ma'aikata ta ƙasa ta ba ƙungiyarsu gaskiya a 2016, amma aka shafe shekaru ana kai ruwa rana kafin a bi hukuncin. Hukumar da ke koya wa ma'aikatanta cewa lallami ba ya aiki sai rufe ƙofa, ita ce ke shuka yajin aikin baɗi da hannunta.

A kan wannan duka tsadar rayuwa ta sauka. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin ɗari a Disambar wannan shekarar. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma ƙaramin ma'aikacin da ke tasowa daga cikin birnin Sakkwato zuwa matsugunin jami'a na dindindin, ko daga unguwannin Kano zuwa sabon matsugunin Bayero a hanyar Gwarzo, ya san kason albashinsa da ke ƙarewa a titi. Ba zan daɗe a nan ba, domin wannan wuta ce da ta ƙona kowa.

Inda nake so a daɗe shi ne cikin harabar jami'a, domin ba duk laifin ne na Abuja ba. Akwai wariyar da ba ta buƙatar takardar minista. Ƙungiyoyin nan sun daɗe suna kukan yadda ake ɗauko malami a ɗora shi shugabancin sashen da ba na koyarwa ba, kamar sashen kwamfuta, ko na wasanni, ko na tsaro, alhali ga ƙwararren da ya yi shekara ashirin a wurin yana jiran ranar da zai kai ƙololuwar sana'arsa. In aka rufe masa wannan ƙofa, me ya rage masa ya hanga? Hanyar ƙarin girma ma ba iri ɗaya ba ce. Malami yana da abin da ke hannunsa: ya yi bincike, ya wallafa, ya tara maki, a auna shi. Ma'aikacin ofis kuwa makomarsa tana rataye ne da fom ɗin da ogansa zai cike a ƙarshen shekara, da jarrabawar ƙarin girma, da kuma kalmar nan mai kashe jiki, "sai in akwai gurbi". Sashe ɗaya yana iya tara farfesoshi goma, amma magatakarda ɗaya ne a jami'a, ma'aji ma ɗaya. Mutum ya cika kowane sharaɗi, ya zauna shekara da shekaru a mataki ɗaya don kawai na samansa bai yi ritaya ba.

Ƙaro ilimi ma haka. Tallafin TETFund na karatun digiri na biyu da na uku don malamai aka ware shi, kuma akwai hujja a kan haka. Amma jami'ar da ta sayi na'urar miliyoyin naira ta ajiye a ɗakin gwaji, ba ta tura wanda zai riƙa sarrafa ta ya koyo ba, ta yi asarar na'urar da mutumin gaba ɗaya. Da yawa daga cikin binciken da ke ɗaga sunan jami'o'inmu a fannin noma da magunguna da kimiyya, hannun ma'aikacin ɗakin gwaji ne ya auna, ya tace, ya kwana yana gadin sakamako. Ran da takarda ta fito, sau da yawa ko a layin godiya ba a ambace shi ba. Ranar yaye ɗalibai shi ne ya jera kujeru ya haɗa lasifika, amma da wuya ka ji an kira irinsa an miƙa masa lambar yabo a gaban iyaye. Waɗannan ba sa cin kuɗi. Haka gaisuwa ba ta cin kuɗi. Matashin malamin da zai kira dattijon masinja, sa'an mahaifinsa, da "kai, zo nan", maimakon "Baba" ko "Malam", ya rushe a minti ɗaya abin da ƙarin albashi ba zai gina ba.

Akwai ma waɗanda ko sunan 'yan bora ba su samu ba. Tun gyare-gyaren aikin gwamnati na zamanin Obasanjo aka fara miƙa shara da gadi da makamantansu ga 'yan kwangila. A jami'o'i da yawa, matar da ke wanke banɗakin ɗakin kwanan ɗalibai ba ma'aikaciyar jami'a ba ce. Ba ta da fansho, ba ta da ƙungiya, albashinta ya danganta da ranar da aka biya ɗan kwangila da kuma tsoron Allahnsa. Jami'ar da ke koyar da dokar ƙwadago a aji ya kamata ta san nawa ake ba wadda ta share ajin.

Yanzu ga fuska ta biyu ta wancan adadi, kuma zan faɗe ta ba don cin fuska ba. Mutum biyu a bayan kowane malami ya yi yawa a wasu wurare, ya yi kaɗan a wasu. Za ka shiga ofis ka tarar da mutum shida a kan aikin mutum biyu, ka fita ka tarar ɗakin gwaji guda da ma'aikaci ɗaya tilo, ko sashen gyare-gyare da ba shi da isassun masu aikin wuta da famfo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Guraben ofis su ne suka fi sauƙin cikewa da takardar wani babba, domin ba a tambayar ɗan siyasa ko yaronsa ya iya sarrafa na'ura in dai kujera da tebur ne. Kuma duk wanda ya taɓa neman cikakkiyar takardar sakamakonsa a jami'ar gwamnati ya san kalmomin: "fayil ɗinka ba a gan shi ba", "oga bai shigo ba", "ka dawo gobe", har zuwa inda ake fahimtar da kai cewa na goro zai sa fayil ya bayyana. Akwai ɗaliban da gurbin karatu a waje ya wuce su saboda takarda ɗaya ta kwana wata uku a kan tebur. Wannan zalunci ne, kuma riƙe albashi ba ya wanke shi. Ɗalibin da ya zo daga ƙauye bai riƙe wa kowa albashi ba.

Haka nan salon yajin aikin. Na fahimci dalilin da ke sa a rufe famfo a kashe wuta: ma'aikacin da ba a ganinsa sai ran da ya daina aiki, dole ya nuna rashinsa. Amma rufe asibitin makaranta alhali ɗalibai na kwana a ciki abu ne da ban ga uzurinsa ba, kuma yana miƙa wa masu raina su hujja a ɓagas. Ƙungiyar da ke neman a ga darajar mambobinta ita ya kamata ta fara tsawata wa mai karɓar na goro da mai zuwa aiki ran Talata ya ɓace ran Alhamis.

Sai dai a lura, wannan ɓarna ita ma ta koma kan maganar Adams. Ma'aikaciya mai ƙwazo da ke buɗe ofis ƙarfe takwas ba da malami kaɗai take auna kanta ba. Tana auna kanta da abokin aikinta wanda ba ya zuwa, amma albashinsu ɗaya, maki ɗaya aka ba su a fom ɗin ƙarshen shekara don oga ba ya son rigima, kuma rana ɗaya aka yi musu ƙarin girma, ko ma ya riga ta don yana da uwa a gindin murhu. Shekara nawa za ta jure kafin ita ma ta fara zuwa ƙarfe goma? Rashin hukunta malalaci hukunci ne a kan mai himma. Masu irin wannan himma kuwa suna nan da yawa, su ne ma dalilin da ya sa jami'o'in ba su durƙushe ba. Kowane tsohon ɗalibi yana iya tuna wata sakatariya ko wani akawu da ya tsaya masa tsayin daka ba don ya san shi ba. Mafi yawansu mutanen da suka shiga aiki ne lokacin da gidan ma'aikata da asibiti da makarantar yara ke sa mutum ya ji jami'a gidansa ce. Suna ta kaiwa shekara 65 suna tafiya, waɗanda ke gadonsu kuma sun tarar da wani yanayi dabam.

Abin da ya rataya a wuyan gwamnatin tarayya a bayyane yake. Ta zauna da ƙungiyoyin huɗu a lokaci guda, ta biya su rana guda, ta daina sasanta ɗaya ta bar uku, domin ta sha gani da idonta cewa malamai na komawa aji sai sauran su rufe ajin. Kafin a sake sakin wani dunƙulen alawus, a umarci kowace jami'a ta lissafa abin da kowane ma'aikaci ke bi, masu binciken kuɗi su tantance, a liƙa jimillar inda kowa zai gani. Amma shugaban jami'a da majalisar gudanarwarsa ba sai sun jira Abuja ba. Suna iya mayar da shugabancin sassan ƙwararru ga ƙwararrunsu. Suna iya ware wani kaso na kuɗin shigar jami'a don horar da masu ɗakin gwaji da masu kwamfuta da akawuna. Suna iya ɗauke mutane daga ofisoshin da suka cunkushe, a koya musu aiki, a kai su inda ake nema. Suna iya sa wa'adin kwanaki a kan fitar da takardar sakamako, a san teburin da ta maƙale da wanda ke kansa, a yaba wa wanda ya cika, a tuhumi wanda ya saɓa. Suna iya rubuta wa ɗan kwangilar shara sharaɗin mafi ƙarancin albashi, su kuma nemi shaidar biya kafin su biya shi.

Akwai kuma batun murya a inda ake yanke shawara. A majalisar gudanarwar jami'ar tarayya, majalisar malamai ta Sanet tana da wakilai huɗu, ga shugaban jami'a da mataimakansa waɗanda su ma malamai ne. Magatakarda yana zaune a matsayin sakatare. Ƙofar da ta rage wa ma'aikaci mara koyarwa ita ce kujeru biyu na babban taron ma'aikata masu digiri, waɗanda su ma sai ya yi takara da malamai a kansu. Wanda ba shi da digiri, irin direba da mai gadi da mai gyaran famfo, ba shi da ƙuri'a ko a wannan zaɓen. Rukunin da ya kai kashi biyu cikin uku na ma'aikatan jami'a ya cancanci kujera tasa ta kansa a wannan majalisa, wadda doka ta tanada, ba wadda sai an yi sa'a ba. Gyaran yana buƙatar Majalisar Tarayya ta taɓa dokar jami'o'i, kamar yadda ta taɓa ta a 2012 lokacin da aka ɗaga shekarun ritaya. Ya kamata SSANU da NASU da NAAT su sa wannan buƙata a sahun gaba na takardar da suke kai wa teburin sulhu, kusa da ariyas da alawus, su kuma nemi 'yan majalisar da ke wakiltar Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri su ɗauki nauyin ƙudurin.